Barin Tsohon Gida Da Shiga Sabo

Da rani a ke gini, da rani kuma a ke ƙaura. Kafin ruwan fari ya sauka iyalai da yawa cikin ekklesiyoyinmu za su kwashe kayansu su bar gidan da suka daɗe a ciki, waɗansu zuwa sabuwar unguwa, waɗansu zuwa birni neman aiki, waɗansu kuwa ba da son ransu ba. A lokacin nan ne wata tambaya ta kan taso. Mai Bi za ya tashi kawai ya tafi, kamar wanda ya tuɓe tsohuwar riga ya sa sabuwa? Ko kuwa akwai abin da ya wajaba a kansa game da gidan da ya bari, da wanda za ya shiga? Masu tsafi ba su taɓa rasa amsa ba. Kusan ko'ina cikin duniya suna da al'adun sallamar tsohon gida da na keɓe sabo. Ya kamata mu dube su da kyau kafin mu yanke musu shari'a, gama wanda bai san abin da ya ƙi ba, ya kan komo gare shi ta wata ƙofa.

Bari mu ɗauko misalinmu daga nesa, domin mutum ya fi ganin abu sarai in ba na gidan ubansa ba ne.

Akwai wani babban tsibiri can arewa maso yamma da Ingila, cikin teku mai sanyi ƙwarai, sunansa Aislan. Kusan ba kowa a cikinsa sai wajen shekara ta 874, sa'anda mutanen ƙasar Norwe suka fara ƙetarewa da jiragen ruwa, da matansu da bayinsu da dabbobinsu. Yawancinsu arna ne a lokacin, masu yi wa Tor da waɗansu alloli hadaya. Wajen shekara ta 1000 ƙasar ta karɓi addinin Kirista, daga baya kuma jikokinsu suka rubuta labarin zuwan kakanninsu cikin wani littafi da su ke kira Landnamabok, wato littafin kama ƙasa, inda aka lissafta masu gida fiye da 400. An rubuta shi shekaru ɗaruruwa bayan abin ya faru, saboda haka ba mamaki an ƙara gishiri nan da can. Duk da haka ya nuna mana abin da mutanen nan suka gaskata game da ƙaura.

A cikin gidan kowane babban mutum na Norwe akwai kujerar maigida, da ginshiƙai biyu na itace da aka sassaƙa a gefenta. Wani mutum mai suna Ingolf, wanda a ke lissafta shi na fari cikin masu zama ƙasar, ya ciro ginshiƙan nan ya sa a jirgi. Da ya hangi tudu, sai ya jefa su cikin teku, ya yi wa'adi cewa duk inda ruwa ya kai su, nan za ya kafa gida. Ya sauka a wani wuri na wucin gadi, ya aiki bayinsa biyu su bi gaɓa suna nema. Sai da suka shekara uku kafin su same su. Wurin kuwa ba shi da kyan gani, har ɗaya daga cikin bayin ya yi gunaguni, don sun wuce ƙasa mai albarka sun zo sun zauna a bakin duwatsu. Amma Ingolf bai ta da maganarsa ba. Wurin nan shi ne Rekyabik, babban birnin ƙasar a yau.

Wani kuma, Torolf, shi ne mai lura da ɗakin tsafin Tor a garinsu. Da za ya tashi, ya rushe ɗakin, ya ɗauki katakonsa, har ya haƙa ƙasar da ke ƙarƙashin mazaunin gunkin ya tafi da ita. Da ya isa, ya ɗauki wuta ya kewaye dukan ƙasar da ya ke so ta zama tasa, domin ya tsarkake ta. An kuma ce dokarsu ta fari ta hana mutum ya nufo tudu da jirgi mai kan dodo a goshinsa. Sai ya cire kan tukuna, kada ya firgita iskokin ƙasar.

To, me mutanen nan su ke faɗi da ayyukan nan nasu? In mun saurara da gaskiya, za mu ji abin da ba na banza ba. Mai jefa ginshiƙai cikin teku cewa ya ke yi, ba shi ne mai zaɓar wa kansa mazauni ba. Mai cire kan dodo cewa ya ke yi, shi baƙo ne, ba a shiga wurin da ba naka ba da fankama. Mai ɗaukar ƙasa da katako ya san shi ba ɗan yau ba ne, akwai waɗanda suka riga shi, bai kuwa so ya yanke igiyar da ke tsakaninsa da su. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsoron wannan ne ya sa Torolf ya ɗauki gatari da fartanya kafin ya shiga jirgi. Ba mu ga abin dariya a nan ba. Mutumin zamani da ya ke ɗaukan gida kamar akwatin ajiye jiki, ya biya kuɗi ya shiga, kuɗi ya ƙare ya fita, bai fi su hikima ba.

Amma labarin Ingolf bai ƙare nan ba, sauran kuwa shi ne ya fi bukatar mu tsaya a kai. Ingolf bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da wani ɗan'uwansa da suka tashi tare, sunansa Hiyorlef. Shi wannan ba ya yarda ya yi hadaya ko kaɗan. Ya kafa gidansa a kudancin tsibirin, da bayi waɗanda ya kamo daga ƙasar Ailan. Da bazara ta yi, bayin suka kashe shi. Sa'anda Ingolf ya tarar da gawarsa, ya yi baƙin ciki, ya kuma ɗora laifin a kan ƙin hadaya. A ganinsa, haka ta kan faru da wanda ya hana alloli rabonsu.

Littafin da kansa kuwa ya faɗa mana abin da ya jawo kisan. Hiyorlef yana da sa guda ɗaya tak, saboda haka ya ɗaura wa bayinsa garma suka riƙa ja kamar shanu. Suka haɗa baki, suka kashe san, suka ce dabbar jeji ce ta kashe shi, da maigida da mutanensa suka watse cikin kurmi neman dabbar, sai suka faɗa musu ɗaya ɗaya. Ku duba fa, 'yan'uwa. Zalunci ne ya rushe gidan nan, zalunci a fili, wanda ko yaro ya gani. Amma Ingolf, mutum mai ibada irin tasa, bai gani ba. Idonsa yana wajen bagadi. Ya bi bayin har tsibiran da suka gudu, ya hallaka su, ya koma gida da tabbacin cewa jinin hadaya ne ya tsare shi.

A nan mu ke ganin babban aibin tsafin gida. Ba wautarsa ba ce ta fi damunmu. Abin da ya fi muni shi ne, ya kan kawar da idon maigida daga mutanen da hakkinsu ke wuyansa, ya kai shi wajen iskoki waɗanda a ke sallama da kaza. Kaza ba ta da tsada. Biyan magini ladarsa cikakke, da barin iyakar gonar maƙwabci inda ta ke, da riƙon barori da mutunci, su ne masu tsada. Mun san karin maganar da ta ce tsoro na daji, kunya na gida. Tsafi ya kan juya ta. Ya shigo da tsoro cikin gida, ya kori kunya.

Ku gwada wannan da dokar Musa. Cikin Kubawar Shari'a sura 20 mun ga Isra'ilawa ma suna keɓe sabon gida, har wanda ya gina gida bai riga ya keɓe shi ba, a kan sallame shi daga yaƙi ya koma. Ba a faɗa mana wani tsari na yadda a ke yi ba. Amma a sura 22 an ba mai sabon gini umarni ɗaya a fili: ya yi wa soronsa rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. A can, kamar a garuruwanmu na ginin soro, mutane su kan zauna, su kan kuma kwana a bisa. Matsafi ya kan zub da jini a gindin gini domin ya tsare kansa. Dokar Allah kuwa ta ce a ƙara tubali a bisa domin kada jinin wani ya zuba. Akwai kuma labarin Hiyel na Betel cikin 1 Sarakuna sura 16, wanda ya sake gina Yariko a zamanin Ahab, ya rasa ɗan farinsa a wajen kafa tushe, ya rasa autansa a wajen kafa ƙofofi. Waɗansu masana suna ganin hadaya ya yi da su, waɗansu sun ce mutuwa suka yi bisa ga la'anar Joshuwa. Ko wanne ne, Littafi bai yabe shi ba.

Kada kuwa wani ya ce wannan matsalar arna ce kaɗai. Cikin masu zuwa Aislan akwai 'yan kaɗan da aka riga aka yi musu baptisma. Ɗaya daga cikinsu shi ne Helgi, wanda a ke yi wa laƙabi da Ramamme. Ya ba da gaskiya ga Kristi, har ya raɗa wa gidansa suna Kristnes, sunan da wurin ke amsawa har yau. Amma in za ya shiga teku, ko wani abu mai wuya ya taso, Tor ya kan kira. Shi ma ya hura wuta a bakin kowane rafi domin ya tsarkake ƙasarsa. Wani kuma, Orlig, wanda wani bishop ya goya, ya zo da katakon ginin majami'a, da ƙararrawar ƙarfe, da littafi, da ƙasa wadda bishop ya sa wa albarka, domin a zuba ta ƙarƙashin ginshiƙan kusurwa. Tsakanin ƙasar Torolf da ƙasar Orlig, wane bambanci ke nan? Sunan da aka kira a kanta ya sake. Ko zuciyar mai ɗauka ta sake, wannan ita ce tambaya.

Al'adun murhu da dokin ƙofa suna da taurin rai fiye da manyan ɗakunan gumaka. Romawa suna da allolin gida da su ke kira Lares da Penates, a kan yi musu baiko a bakin murhu, amarya ma in ta tare ta kan kawo musu kwabo. A shekara ta 392 Sarki Tiyodosiyus ya kafa doka ta hana kunna musu wuta ko ƙona musu turare, wato sai da doka ta bi mutane har cikin ɗakunansu. A ƙauyukan Rasha kuwa, shekaru ɗaruruwa bayan an yi wa ƙasar baptisma, manoma sun ci gaba da gaskata wani aljanin gida mai suna domoboi, wanda su ke kira Kaka. Ranar ƙaura wata tsohuwa ta kan kwashi garwashi daga tsohon murhu cikin tukunya, ta gayyaci Kaka ya biyo su. A kan kuma tura kyanwa ko zakara su fara shiga, don an ɗauka mai fara ƙetare ƙofar shi ne mai fara mutuwa. Masu yin haka mutanen majami'a ne, da gicciye a wuya. Har yau ma a Turai da Amurka akwai waɗanda suka komo da irin waɗannan da gangan, suna kiran kansu arna ba kunya. A ƙidayar shekara ta 2021 mutum wajen 74,000 a Ingila da Weyils suka rubuta haka. Su kan share tsohon gida su yi masa godiya, su bar tsohuwar tsintsiya a can, su shiga sabo da gurasa da gishiri da hayaƙin ganye. Ba jini a ciki. Da yawansu kewa ce ta kai su, sun gaji da ƙaura wadda ba kowa a cikinta sai direban mota da takardar haya.

Mu ma a nan mun san kafi, abin da a ke binnewa a ƙofar gida ko a kusurwoyinsa domin tsari. Ba Mai Bi da za ya kira boka a fili. Amma akwai mai rubuta aya a takarda ya cusa cikin kwalba ya binne a gindin ginin. Akwai mai yayyafa mai a kusurwa huɗu, yana ƙirga su da kyau kada ya tsallake ɗaya. Akwai wanda ba za ya kwana cikin ɗakin ba sai pasto ya taka ƙafarsa ciki, in kuwa mai bishara ne kaɗai ya zo, hankalinsa ba ya kwanta ba, kamar addu'a tana da nauyi bisa ga girman rigar mai yinta. Ga ma'auni mai sauƙi. In an manta da wani abu cikin hidimar, sa'an nan yaro ya yi zazzaɓi, sai zuciyar maigida ta ce, abin da aka manta ne ya jawo, to, abin nan kafi ne, ko da sunan wa aka kira a kansa. Mai addu'a roƙo ya ke yi, ya bar amsa a hannun Ubangiji. Mai kafi ciniki ya ke yi, ya biya, yana jiran kayansa.

Mai karatu da ya san Littafi za ya tuna da Na'aman, ya ce, ai shi ma ƙasa ya roƙa. Gaskiya ne. Cikin 2 Sarakuna sura 5, bayan ya warke daga kuturta, ya roƙi ƙasar Isra'ila kayan alfadari biyu, domin ya yi wa Ubangiji sujada a kanta can Suriya, Elisha kuwa bai tsauta masa ba, ya sallame shi lafiya. Wannan ya isa ya hana mu saurin hukunta sabon tuba wanda tunaninsa bai riga ya rabu da ƙasa da wuri ba. Amma Na'aman bai ɗauki ƙasar domin ta tsare shi ba. Ya ɗauke ta domin ya riga ya yanke cewa ba sauran wani allah da za ya yi wa hadaya. Helgi kuwa ya riƙe biyu, ɗaya na tudu, ɗaya na ruwa.

Iyalin Yakubu sun nuna mana iri biyun nan tare. Sa'anda suka bar gidan Laban, Rahila ta sace allolin gidan ubanta, ta ɓoye su cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai. Daga baya Yakubu ya tattara baƙin alloli duka daga wurin mutanensa ya binne su a gindin wani itace kusa da Shekem. Amma sa'anda Isra'ila suka fita Masar, Musa ya ɗauki ƙasusuwan Yusufu bisa ga rantsuwar da aka yi masa, aka yi shekara 40 ana yawo da su cikin jeji, aka kuma binne su a Shekem ɗin nan. A gari guda aka binne kaya biyu da aka ɗauko daga tsohon gida, ɗaya domin a rabu da shi, ɗaya domin a cika alkawari. Ba a ce wa Musa ya yi tsafi ba.

Saboda haka ba mu yarda da masu cewa duk wata kula da tsohon gida ragowar arnanci ce ba. Sa'anda aka datse kogin Zambezi a Kariba, aka ta da mutanen Tonga wajen 57,000 a shekarun 1957 da 1958, ba gonaki kaɗai suka yi wa kuka ba, har da kaburburan iyayensu da wuraren roƙon ruwa da tafki ya haɗiye. Mutanen Bussa sun ɗanɗana irin wannan da aka gama dam na Kainji a 1968. Wanda ya ce wa irin waɗannan, ai ƙasa ƙasa ce, ba bangaskiya ya nuna ba, taurin zuciya ya nuna.

To, me ya rage wa Mai Bi a ranar tashi? Ya rage da yawa, yawancinsa kuwa ba a bakin murhu ya ke ba. Akwai maƙwabci da ya ba da rancen hatsi a shekarar yunwa, ba a biya ba. Akwai matar da aka yi shekara biyar ba a gaisa da ita ba saboda akuya ta ci shuka. Al'adarmu ta zagaya gida gida a yi ban kwana, a ce, in na yi muku laifi ku yafe mini, ba tsafi ba ce, ta kuwa fi yanka wuya. In gidan haya ne, a bar shi a share, a toshe inda aka fasa, a cike masai in ya kamata a cike, domin mai shigowa mutum ne. Iyali su taru cikin tsakar gidan su ambaci abin da Allah ya yi musu a wurin, su waye aka haifa a wane ɗaki, wa ya yi ciwo ya tashi, wa bai tashi ba. Yara suna bukatar jin wannan. A sabon gida kuma a kira dattawan ekklesiya a yi addu'a, wannan daidai ne, amma a tabbata magini da masu kwaɓa da masu jinka sun karɓi hakkinsu kafin a ta da waƙa, a rufe bakin rijiya, a kira maƙwabta su ci, Musulmi da masu gargajiya duka. Tsohuwar Rasha ta ɗauko garwashi daga nesa. Matanmu sun saba da shiga gidan maƙwabta ɗiban wuta, uwargida kuwa da ta fita da kasko a maraicen farko ta yi sallama a ƙofar da ke kusa, ta riga ta san sunan mutum ɗaya a unguwar.

Wuri mai wuya shi ne inda tsoho ya ke da rai, bai kuwa tuba ba. Ɗa Mai Bi ya gina gida, ya ce baba ya zo su zauna tare, baba ya ce ba ya shiga sai an yanka a dokin ƙofa, an kuma gaya wa kakanni inda aka koma. Ɗan ba shi da iko ya ba da kazar, ko ya ba da kuɗinta ya juya baya kamar bai sani ba, gama ƙofar tasa ce. Ya faɗa da ladabi, a keɓe, ba a gaban jikoki ba. Amma ya kamata ya ji abin da ke ƙarƙashin maganar tsohon. Sau da yawa ba iskoki ne su ke damunsa ba. Yana duban kufai, yana tunanin kabarin ubansa da ciyawa za ta rufe, yana kuma lissafin cewa nasa ne na biye. Wannan kam ɗan yana da abin yi a kai. Ya tafi da tsohon su tsaya a wurin, ya tambaye shi sunayen waɗanda ke kwance, ya rubuta su cikin takarda, ya jera duwatsu ya kewaye, ya yi magana da wanda za ya noma filin kada garma ta bi ta kai. Ya kuma sa rana, bayan kaka, da shi da 'ya'yansa za su riƙa zuwa da fartanya. Mai yiwuwa ne tsohon ya yarda ya tare. Mai yiwuwa ne kuma ya ƙi, ya zauna cikin tsohon ɗakinsa shi kaɗai, sa'an nan sai a gyara masa jinka kafin damina, a kuma shirya wanda za ya riƙa kai masa tuwo safe da yamma.